Shekarar da na ƙara wa motar duwan fitilu

Ku 'ya'yana kun tashi kun iske mutanen Magariya suna kirana Lawali Mai Ido Huɗu, kuma na lura kuna jin daɗin sunan. Har na taɓa jin ɗayanku a zaure yana gaya wa abokansa cewa babansa ne ya fara sa wa mota fitilu huɗu a duk ƙasar nan, tun zamanin Turawa. Bai yi ƙarya ba, ni ne. Amma abin da kuka sani rabin maganar ne, kuma ni na zaɓi rabin da zan ba ku. Yanzu da ƙarfina ya tafi, na ga gara in rubuta ɗaya rabin da hannuna, kada ku ji shi a bakin wani bayan raina ku ce sharri ake yi mini.

Ubana ya rasu ina goye. Mahaifiyata, Inna Habsu, ta koma da ni gidan wanta, Kawu Mati, a ƙauyenmu da ke kudu da Dungas, kuma shi ya rene ni. Mutum ne gajere, mai ƙaramar murya, wanda in zai yi magana sai ya kalli ƙasa tukuna kamar a can ya ajiye ta. Manomi ne, yana da jakuna uku. Da damina suna kai taki gona, da rani kuma yana ɗora musu gero ko wake ya tsallaka Ingilishi, wato ƙasar da yanzu kuke kira Najeriya, ya ci kasuwa, ya gaida dangi, ya dawo da ɗan abin da gida ke bukata. Kowa haka yake yi. Iyakar nan ta bi ta tsakiyar gonakin mutane ne, rabin danginmu suna wancan gefen, kuma babu wanda yake ganin kai wa ƙanwarsa gero laifi ne. Da na zama saurayi na nace sai na koyi mota, Kawu bai hana ni ba. Shi ya kai ni Damagaram wurin wani direba da ya sani, ni bisa jaki, shi a ƙasa, kwana da kwanaki. Da zai juyo ya cire rigarsa ta sama ya ba ni, ya koma gida da 'yar shara.

Na yi shekaru a can, na sami permi, wato takardar izinin tuƙi, na koyi kwance inji da ɗaurawa, na kuma tsinci Faransanci daidai na aiki. Daga nan aka ɗauke ni shofer, wato direban duwan a Magariya, masu tsaron iyaka da kama kayan da aka shigo da su ba a biya musu ba. Maigidana wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne da ya ɗauki doka kamar addini, kuma bai taɓa gane dalilin da ya sa mutane suke jin haushinsa ba. Motarmu ƙarama ce koriya mai buɗaɗɗen baya, ni da shi a gaba, gardawa, wato dakarun duwan, a baya. Aka ba ni kaki da hula, na auri uwarku Barira, na kama ɗaki biyu kusa da kasuwa. Ranar da na je ƙauye na gaya wa Kawu inda na sami aiki, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Duwan?" ya ce.

"Duwan, Kawu. Amma ni tuƙi kawai zan yi."

"To, Allah ya sa albarka. Ka tuƙa motarka. Kayan mutane kuwa ka bar wa masu duba su."

Shekarar da nake son ba ku labarinta, bayan an gama cire gyaɗa, muna dawowa daga Sassumbrum duhu ya riske mu a hanya. Ku da kuka saba da motocin yanzu ba za ku gane fitilun wancan lokaci ba. Haskensu ja ne, mai rauni, bai fi ya nuna maka taku ashirin a gabanka ba, gefen hanya kuwa baƙi ƙirin. Hanyar ma sawu biyu ne cikin rairayi. Wata saniya ta faɗo daga dama, ban gan ta ba sai da ƙahonta ya zo daidai fuskata. Na karkatar da sitiyari, muka zurma cikin wani kwari da ruwan damina ya ci. Babu wanda ya mutu, amma goshin Mai Lofe ya bugi gilashi ya fashe, lofensa ya karye biyu. Bai mare ni ba, ko da yake wasu Turawan da sun yi. Ya tsaya yana goge jini da hankici, ya ce a gaban gardawa idan ba na gani da dare in gaya masa, zai nemo direba mai idanu. Gardawan suka yi dariya. Na kwana ban runtsa ba. Uwarku tana da cikin fari wata bakwai, ni kuma ban san wata sana'a ba sai wannan.

Bayan garajin gwamnati akwai wani tsohon kamiyo, babbar motar kaya ta masu sayen gyaɗa, da ya kife aka jawo shi aka yar. Komai nasa ya lalace sai fitilunsa biyu, manya kamar akushi. Na nemi izini aka bar mini su. Na kai wa wani maƙeri, Malam Ilu, awon da na yi da igiya, ya ƙera mini ƙafafu biyu na ƙarfe masu lanƙwasa. Na huda ƙarfen gaban motar na ɗaure su da kusoshi, na sa guntun tsohuwar taya a tsakani don kada girgizar hanya ta fasa gilashin. Na ja waya daga batir, na yi musu makunni nasu dabam a ƙarƙashin sitiyari. Gwajin farko wayar ta yi zafi ta fara hayaƙi, sai da na fizge ta da hannu, tabon yana nan a tafina har yau. Na nemo mai kauri na sake. Na kuma gane cewa in inji bai ɗauki gudu ba, fitilun suna shanye batir, don haka sai a kan tafiya ake kunna su. Kwana huɗu na yi a kan aikin nan, kuma gaskiya ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba.

Ranar da zan daidaita su, da magariba na juya motar ta fuskanci bangon garaji. Malam Ilu ya zo ganin aikinsa. Na bar fitilun asali suna kallon gaba, sababbin kuma na karkatar da su, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda za su share daji gefe da gefe. Ya tsaya da hannuwansa a baya yana kallon hasken a bango.

"Lawali, hanya tana gaba, kai kuma kana haska gefe. Me ka ajiye a daji?"

"Shanu, Malam Ilu. Daga gefe suke faɗowa."

"Shanu kaɗai ne ke bin gefen hanya da dare?"

Na yi dariya na ce masa shi dai ya iya magana. Na rubuta wannan ne don kada wani cikinku ya ce babanmu bai sani ba. Na gane abin da yake nufi sarai. Na san su wa ke bin gefen hanya da dare, na san da wace mota nake aiki. Na ɗauki sifana na ƙara ɗaure kusoshin.

Daren farko da na ratsa gari da fitilu huɗu a kunne, mutane suka fito ƙofar gidajensu, masu tuwo-tuwo a bakin kasuwa suka miƙe tsaye, karnuka suka ruɗe. Washegari sunan ya bi gari. Mai Lofe ya zagaya motar sau biyu, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. A da ba ya son fita bayan faɗuwar rana, don ya san ba abin da zai gani. Yanzu sai ya mai da fitar dare al'ada, sau biyu ko uku a mako. Muka fara kama mutane, mai gishiri, mai yadi, mai kananzir. Ni dai ina zaune a kan kujerata ina ce wa kaina tuƙi kawai nake yi. Uwarku ce ta fara gaya mini cewa in ta je rijiya mata suna yin shiru. Na ce mata hassada ce. A cikin kwanakin nan Inna ta zo daga ƙauye ta zauna da mu don jiran haihuwa.

Wani dare babu wata, mun baro Dantchiao mun nufi wajen Dungas, bayan sallar isha'i da ɗan jimawa. Gardawa biyu a baya, babbansu wani mai suna Tanko. Mai Lofe ya gaji, ya jingina kai yana gyangyaɗi. Ina tafiya da fitilun asali kawai. Babu wanda ya ce in kunna manyan. Hanyar a wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba kwari, ba alamar garke. Na sha tambayar kaina me ya kai hannuna ga makunnin nan, kuma amsar da na samu ba ta da kyau: ina son jin ƙarar ɗan makunnin, ina son ganin daji ya buɗe gabana, ina son maigida ya farka ya ga abin da direbansa ya iya. Na kunna.

Hasken hagu ya faɗa ƙarƙashin wani gawo, nesa kaɗan da hanya. Mutum biyu suka zubar da kayansu suka ruga cikin duhu. Na uku bai gudu ba. Yana tsaye tsakanin jakuna uku, ya rungume bakin na gaba da hannu biyu don kada ya yi kuka. Jakin na fara ganewa, mai yankakken kunne, wanda na sha hawa. Da na kashe fitilun a wannan lokacin na taka mota, watakila da an ce ido ne ya yi gizo. Hannuna yana kan makunnin, bai motsa ba. Sai Tanko ya bugi rufin motar yana ihu in tsaya, Mai Lofe ya farka.

Da dare ba ma fita da tafinta, ni nake fassara. Aka kawo Kawu Mati gaban motar, cikin tsakiyar hasken, ni kuma na tsaya bayan fitilun inda ba a ganin fuskata sosai. Mai Lofe ya ce in tambaye shi sunansa. Na tambayi mutumin da ya rene ni sunansa, ya faɗa. Ya ce in tambaye shi garinsu. Ya faɗa. Mai Lofe ya cire sabon lofensa daga baki ya juyo gare ni, ya ce ai wannan ƙauyen da ke rubuce a takarduna ne, ko na san mutumin? Kowa a wurin aikin ya san an kori wanda na gada ne don an zarge shi da gaya wa danginsa ranakun fita. Na amsa da Faransanci, don kada Kawu ya ji, na ce na bar ƙauyen tun ina yaro, ban san shi ba.

Tanko yana jin Faransanci, kuma ina jin ya taɓa ganin Kawu a ƙofar gidana. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya yi tambayar da Hausa da ƙarfi.

"Tsoho, shofer ya ce bai san ka ba. Kai fa, ka san shi?"

Kawu ya ɗaga hannu ya kare idanunsa. Ya daɗe yana kallon inda nake tsaye.

"Hasken ya yi yawa," ya ce. "Ba na ganin kowa."

Ni na loda kayansa a mota da hannuna: turmin atamfa biyu, gwangwanin kananzir, sabulu, da ɗan ƙaramin huhun goro. Gardi ɗaya ya kora jakunan a ƙasa. Kawu ya hau baya ya zauna a kan tayar ajiya kusa da Tanko. Shekara biyu ina yi masa alkawarin wata rana zan zo in ɗauke shi ya ji yadda mota take, ranar ce ya fara hawa motar da nake tuƙawa. Har muka iso Magariya ban waiwaya ba.

Da na shiga gida na iske Inna ta ajiye mini tuwo a rufe. Na ci, na kwanta, ban gaya mata ba. Kwana biyu ina fita ina dawowa kamar ba abin da ya faru, har labari ya iso ta bakin masu zuwa kasuwa. Na dawo da la'asar na tarar da ita zaune bakin murhu, ba wuta a ciki, uwarku kuma tana ɗaki tana kuka a hankali.

"An ce motar duwan ta kama Yaya Mati," Inna ta ce.

"Haka ne, Inna."

"Motar duwan guda nawa ce a garin nan?"

"Ɗaya ce."

"Wa ke tuƙa ta?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Goron na sunan ɗanka ne. Atamfar kuma ta Barira ce, ta fitar jego. Ni na ce masa ya bari sai an haihu, ya ce gara ya je tun ƙafarsa tana iyawa."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba. Ta zauna har uwarku ta haihu, ta yi mata wankan jego kwana arba'in cif, ta yi duk abin da uwa take yi. Amma a cikin kwanakin nan in tana son a gaya mini abu, sai ta gaya wa uwarku ina zaune a wurin. Ke Mariyama, ke aka haifa. An raɗa miki suna da goron da na sayo a kasuwa, kuma duk wanda ya zo daga ƙauye ya zauna ya yi addu'a ya tashi, babu wanda ya tsaya cin abinci.

An yanke wa Kawu wata uku a gidan kaso, aka ƙwace jakunan aka sayar. A lokacin 'yan kaso su ne ke ɗebo ruwa su kai gidajen Turawa da wuraren aikin gwamnati. Ban sani ba ko tsautsayi ne ko Tanko ne ya shirya, amma Kawu aka ba garajinmu. Kowace safiya, daidai lokacin da nake wanke mota, sai ya shigo da sanda a kafaɗa, gwangwani biyu suna reto, gardi yana biye da shi. Ya sauke su kusa da tayar gaba, ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu.

"Shofer, ga ruwa."

Abin da yake cewa ke nan, kullum, ba ƙari. Ni kuwa da na hango shi daga ƙofa sai in buɗe murfin inji in cusa kaina ciki, in kama taɓa abin da ba ya bukatar taɓawa, har in ji takunsa ya yi nisa. Sannan in ɗauki ruwan da ya kawo in wanke motar, in goge gilashin fitilun nan har su yi ƙyalli. Ina ce wa kaina idan na yi masa magana gardi zai kai rahoto, ƙaryata ta tonu, a kore ni, wahalar da ya sha ta zama ta banza. Akwai safiyoyi da yawa da gardin yake tsayawa can bakin ƙofa yana hira da mai gadi, ba mai jin mu. A waɗannan ma kaina yana cikin inji. Na san uwarku tana dafa tuwo fiye da cinmu, na san tana ba matar Tanko kwano a rufe da yamma a kai gidan kaso. Ban hana ta ba, ban kuma taɓa tambayarta ba, don in na tambaya dole in san na sani.

Ranar da aka sake shi muna Damagaram ni da maigida. Ya tafi ƙauye a ƙasa, bai biya ta gidana ba. Inna ta bi shi bayan mako guda. Ni kuma aikina sai gaba yake yi. Kumandan, Baturen da ke mulkin Magariya, ya ga fitilun ya ce a yi wa motarsa irinsu, likita ma haka. Na yi musu. Motar likitan ta sha ɗauko mata masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara daga ƙauyuka cikin dare, kuma na daɗe ina fakewa da wannan in zuciyata ta dame ni. Fiye da shekara ban taka ƙauyenmu ba. In aiki ya bi da mu ta kusa, sai in ja hulata ƙasa in ƙara gudu.

Uwarku ce ta kawo ƙarshen abin. Wata rana da dare tana ninke kayanki, Mariyama, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Yarinyar nan ta fara tafiya, kakanta bai taɓa ganinta ba. Jibi kasuwar Dungas, kamiyo zai tafi. Zan hau."

"Ki bari in sami hutu."

"Malam, hutu nawa ka samu tun bara? Ni dai zan hau. In ka zo, mu uku ne. In ba ka zo ba, in an tambaye ni zan faɗi gaskiya."

Na cire kaki na sa riga, muka hau bayan kamiyo tare da 'yan kasuwa. Daga Dungas muka ƙarasa a ƙasa. Bazara ce, ana kai taki gona. Tun kafin mu shiga gari na hango wani tsoho a kan hanyar gonarmu da kwando a ka, yana tafiya yana tsayawa. Aikin da jakuna uku suke yi, shi yake yi da wuyansa. Ya sauke kwandon da ya gan mu, ya karɓi yarinyar daga hannun uwarku, ya yi mata wasa, ya sa mata albarka, ya tambayi uwarku hanya. Ni ya ce mini sannu da zuwa, kamar yadda ake ce wa baƙo.

Bayan sallar magariba na same shi shi kaɗai a kan buzunsa bakin rumbu. Na durƙusa. Duk maganar da na shirya a hanya ta watse, na dai ce masa na yi laifi, na ce ban san shi ba alhali shi ne ubana, ya yafe mini don Allah. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ya bar ni har na gama, yana kallon ƙasa.

"Wannan maganar ta daren nan ce take damunka?" ya ce.

"Ita ce, Kawu."

"Da ka ce ka san ni, da mu biyu za mu riƙa ɗebo ruwan, matarka kuma ga ciki. Ni ma ai ban ce na san ka ba. Tsoro ne ya kama ka, kuma tsoro yana kama kowa. Wannan tun a bayan motar na yafe shi." Ya kaɗe ƙasa daga gefen buzun. "Abin da na kasa ganewa shi ne na safiya. Wata uku ina kawo maka ruwa. Kullum in na taso daga rijiya sai in ce yau zai ɗago kai. Ba na son komai a wurinka, ko goro. Ina kwana kawai. Har na fita ba ka ce mini ina kwana ba."

Bai jira amsata ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Da asuba bayan an fito masallaci na je ƙofar ɗakinsa, na tuɓe takalma, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ni kwanan baƙunta, ya tambayi yarinya. Sannan ya ce akwai wani kwando bayan rumbu. Muka yi ta kai taki har rana ta take, shi a gaba ni a baya, mutanen gari suna kallon direban duwan da kashin awaki yana zubo masa a wuya. Daga baya na sayi jaki na aika masa, ya karɓa. Da na aika na biyu ya mayar, ya ce ɗaya ya ishe shi yanzu, ya daina tsallakawa.

A sawu na ƙarshe ranar nan muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin gona muna shan fura. Ya goge baki ya dube ni.

"Fitilun nan suna nan?"

"Suna nan, Kawu. In ka ce in cire su, in na koma zan cire."

"In ka cire wani zai mayar, tunda sun riga sun gani. Amma motar tana da oda, abar nan mai ƙara, ko?"

"Tana da ita."

"To, kafin ka kunna, ka riƙa danna ta tun daga nesa. Ka ce wa Baturen shanu kake kora."

Na yi shekara huɗu ina tuƙa motar nan bayan wannan rana, har Mai Lofe ya koma ƙasarsu. Ina so in rubuta muku cewa kowane dare na danna odar. Dare da yawa na danna, na ga inuwar mutane tana ɓacewa cikin daji kafin hasken ya kai gare su. Amma akwai dararen da maigida yake zaune a farke, idonsa a kan hannuna, na kunna fitilun shiru. Waɗanda aka kama a waɗannan dararen ban san sunayensu ba, ban kuma taɓa zuwa ƙofar ɗakin ko ɗaya daga cikinsu ba.